Tsawon Zamfir

Juma'a, 6 ga Nuwamba, da yamma

Jirgin ruwan da ke dawo da ma'aikata daga dandamalin haƙar mai ya iso tashar Konstansa da rana. Zamfir ba ya ciki. Na rubuta haka a fili don in gani da idona: mijina ba ya ciki.

Na tsaya a bakin shinge inda na saba tsayawa duk ƙarshen zangonsu, da tuwon masara da soyayyen kifi a naɗe cikin tawul don kada su huce. Maza suka dinga saukowa, waɗanda suka san ni kowa ya kafe idonsa a ƙasa kamar ya yar da allura. Zamfir ba mutumin da ake nema a cikin taro ba ne, kansa kan riga kowa isowa. Tun kafin na ƙarshe ya sauko na riga na gane, amma na tsaya har aka janye tsani.

Wani daga ofishinsu, mai jaka a hammata, ya ja ni gefe. Ya ce, "Kwamared Domnica, an yi guguwa ranar Laraba. An sami matsala. Ana kan nema." Na ce neman me? Ya sake cewa ana kan nema, kuma kada in yi ta yawo da maganar a gari. Sannan ya miƙo mini hannu, hannun da ko bokiti bai taɓa ɗauka ba.

Na dawo da tuwon gida. Yana nan kan murhu.

Asabar, da safe

Ba labari. Iska ta lafa, teku ya kwanta kamar ba shi ba.

Lahadi, 8 ga Nuwamba, da rana

Ban je coci ba. Veta maƙwabciyata ta biyo daga can da baƙin ɗankwali a ka, tana shigowa ta buɗe baki, "Allah ya ji..." Na ce mata in ta ƙarasa wannan addu'ar ta taga za ta fita. Ta haɗiye sauran. Ta zauna tana kallon tukunya, can ta ce ko in ba ta tuwon ta kai wa kajinta tunda ya fara tsami. Na ba ta, na tuƙa sabo.

Mutum ya shekara tara a kan ruwa, ninkaya kuwa ko kifi ya san da zamansa. Ga jiragen masunta, ga na Turkiyya da na Bulgariya suna ta wucewa. In baƙi suka tsinci mutum, kafin a gane yarensa a sanar da gida ai sai a hankali. An taɓa yi.

Duk motsin da na ji a waje sai in kasa kunne ina jiran ƙarar katako. Wani tsohon masunci ɗan Tatar ne ya gina gidan nan daidai kansa, ƙofar ba ta da tsawo. Duk ranar da Zamfir ya dawo daga teku sai ya manta, ya gwara goshinsa da katakon saman ƙofa, ya zagi tsohon da kakanninsa, ya ce gobe goben nan zai ɗaga ta. Shekara goma sha tara muna jiran wannan goben. Har fentin wurin ya koɗe.

Talata, 10 ga Nuwamba, da yamma

Mama Safta, uwar Zamfir, ta iso daga ƙauyensu na can gindin duwatsu, jirgin ƙasa biyu da bas. Ban aika mata ba. Veta ce ta buga mata waya ta gidan waya, Allah ya saka wa Veta daidai aikinta.

Ta shigo ba ko sunkuyawa, ita da ƙofar kamar an yi su tare. Ba ta rungume ni ba, ban rungume ta ba. Mun daɗe da sanin matsayin juna: ni ce 'yar bakin ruwan da ta riƙe mata ɗa, ba ta kuma ba ta jika ba. Ta dubi labule ta ce ya yi datti. Sannan ta kwance ƙullinta a kan tebur. Cuku, busasshen nama, sai dunƙulen kakin zuma kamar kan jariri, da ƙwaryar zaren lilin.

Na san abin da ake yi da su, ba daga sama na faɗo ba, mun yi wa babana. Amma sai da ta faɗa.

"Wanda ya tafi ba kyandir a hannunsa, a duhu yake tafiya, 'yar nan. Za a auna zare daidai tsawonsa, a shafe da kaki, a naɗe kamar faifai, a kunna masa kafin arba'in. In arba'in ta wuce, shi ke nan, ya shige a makance."

Na ce, "Mama, wa ya ce muku ya tafi? Ana kan nema."

Ta ce, "Su suka ce."

"Su suka ce, ni ma na ce. Ku mayar da wannan abin cikin ƙulli."

Ta mayar, amma ba ta ɗaure ba.

Alhamis, da magariba

Ba labari. An ɗauke wuta tun kafin duhu, kamar kullum. Mama ta lalubo kyandir a aljihun tebur, na karɓe. Na ce a gidan nan fitilar ƙwai za a kunna, in kananzir ya ƙare mu zauna haka. Ta ce ita duhu ba baƙonta ba ne, wani take ji wa.

Lahadi, 15 ga Nuwamba, bayan coci

Na je yau. A harabar coci akwai akwatunan kyandir biyu, na rayayyu a dama, na waɗanda suka kwanta a hagu. Na sayi mafi kauri, na dasa a dama. Ina ɗago kai sai ga Mama a hagu, da nata siriri a hannu. Muka tsaya muna kallon juna ta cikin hayaƙi, mata suna ratsa mu kamar ba su gani ba.

A hanya ta ce wannan na coci ba ya isa, tsawon yatsa ne, ina zai kai mutum? Na ce nawa ya isa, tunda mai shi zai zo ya hure shi da bakinsa.

Laraba, 18 ga Nuwamba, da yamma

Nea Ilarie ya zo, shugaban su Zamfir a wurin aiki. Gajeren dattijo ne, amma da ya zo shiga sai ya sunkuya, ya ɗaga ido ya dubi katakon, ya yi sauri ya kau da kai. Ya kawo jakar Zamfir. Na zuba masa barasa a ƙaramin kofi, ya riƙe bai sha ba.

Ya ce an hana su magana. Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce haƙa na tafiya, sun wuce inda suka taɓa kaiwa, taɓon da ke fitowa ya fara wari irin wanda ake so. Rijiya shida suka haƙa a tekun nan ba komai sai ruwan gishiri, Zamfir kan dawo ya ce mini, "Uwargida, mun sake gano teku a ƙarƙashin teku." Wannan ta bakwai ce. Na ce Allah ya ba da sa'a, da bakin da ban san nawa ba ne.

Har ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a tsakar ɗaki yana murza hularsa.

"Wani abu ne ya kwance a ƙasan dandamali, yana dukan ƙarfe. Dole wani ya sauka. Ban ce shi ba, Domnica, shi ya riga kowa. Fitilar wannan gefen kuwa, ruwa ya kashe ta. Da akwai haske da mun..."

Na ce ya isa. Ya ce, "Duhu ne kawai, ƙanwata. Ba mu ga komai ba."

A kicin na ji cokali ya faɗi. Mama ba ta fito ba har ya tafi.

Na buɗe jakar ni kaɗai. Rezarsa, rigar sanyin da na saƙa masa, takalmansa na zuwa gari, rabin ƙullin taba. Takalman aiki ba sa ciki, waɗannan masu kaurin gindi da ƙarfe a baki. Na jera komai a kabad inda zai same su.

Asabar, da safe

Ba labari. Na koma aiki. Kifi ba ya jira, gwangwani ba ya jira, kuma a masana'anta ƙarar inji ba ta barin kowa ya yi mini ta'aziyyar da ban nema ba.

Litinin, 23 ga Nuwamba, da yamma

Na dawo na tarar ta shimfiɗa babbar kwat ɗinsa a kan gado, tana bin ta da zare daga wuya zuwa ƙasa. Na fizge. Na faɗi maganganu, ba zan rubuta su ba. Na kulle kabad na rataya makullin a wuyana.

Ta bari sai da na gama. Sannan ta ce kwat ba ta da kai, ba ta da ƙafa, dama ba ta san yadda za ta cika sauran ba.

"Ni na haife shi, amma ban san tsawonsa ba. Yana ɗan sha biyar ya bar gida, bai gama tsawo ba. Tun daga nan in ya zo, yana shigowa nake cewa zauna ka ci. A zaune na san shi. Ke kika san shi a tsaye."

Na ce to ku bari ya dawo ku auna shi da kanku.

Ta ce in zare ya gaza, wutar kan mutu masa a tsakiyar hanya, shi ya sa ba a yin sa da ka. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Tausayinta ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni.

Alhamis, da rana

Veta ta kawo mini rahoto tana dariya tana share hawaye. Wai a layin burodi Mama ta sa direban bas ɗinmu, wannan dogon mai gashin baki, ya cire hula ya tsaya daidai, ta zagaya shi tana tambayar mata ko Zamfir ya fi shi. Rabin layi suka ce ya fi, rabi suka ce bai kai ba, har gardama ta kaure aka manta da burodi. Direban ya ce, "Iya, in miji kike nema, ina da mata." Ta ce masa ko a ƙuruciyarta ba ta tsinci irinsa ba.

Na yi dariya. Na farko ke nan tun ranar tasha. Daga baya na je bayan gida na yi amai.

Ya fi direban. Ban faɗa wa kowa ba.

Juma'a, da safe

Na je ofishinsu a Konstansa. Mai jakar nan ba ya nan, wata yarinya ta ce ana kan nema, idonta a kan farcenta. Na ce wa ke neman, da wane jirgi, a ina? Ta ce in dawo wani makon. Rashin sani ya fi dare duhu, haka babana kan ce, ban taɓa sanin nauyin maganar ba sai yanzu.

Lahadi, 29 ga Nuwamba, da rana

Coci, dama da hagu. Ita can, ni nan.

Laraba, 2 ga Disamba, da yamma

An samu. Ba shi ba, mai.

Rediyo ya faɗa da safe, da kiɗan soja gaba da baya. A masana'anta aka tsayar da inji, aka tara mu, wani ya hau akwati ya karanta cewa jaruman ma'aikata sun fasa taskar teku, ƙasa za ta tsaya da ƙafarta, ba za a ƙara ɗauke wuta ba. Aka ce a tafa. Shugabar sashenmu ta zungure ni da gwiwar hannu, na tafa da hannuwa masu ƙarnin kifi. Ya ambaci tsawon rijiyar, ya ambaci ganga nawa za ta ba da a rana. Bai ambaci kowa da suna ba.

Shekara tara Zamfir yana cewa ranar da mai ya fito zai shafa mini a kumatu kamar yadda suke yi wa juna, ko da zan kore shi da tsintsiya. Da na kore shin.

Da magariba aka ɗauke wuta.

Alhamis, da magariba

Duk ƙauye sun hau tudun rairayi na bayan maƙabarta. Daga nan ba a hango dandamali, ya yi nisa, amma suna ƙona iskar da ke fitowa daga rijiyar don gwaji, kuma hasken ya kama gindin gajimare can gabas, ja-ja, yana motsi kamar ana hura garwashi. Maza sun zo da giya, wani da molonsa. Veta ta ja ni, Mama ta biyo mu da sandarta.

Mama ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ga wuta har sama saboda abin zuba wa mota. Ɗan mutum ko ashana ba a ƙyasta masa ba."

Na ce, "Ai tana haska inda yake."

Ta juyo ta dube ni. Ban gane abin da na faɗa ba sai da na ga idonta. Na ce ina nufin yankin, in yana cikin wani jirgi a yankin. Ta dai kama hannuna wajen saukowa, wai rairayi na zame mata.

Gaskiyar ita ce tun ranar da Nea Ilarie ya zo, da wannan tunanin nake kwana. Zamfir ya sha gaya mini dandamalin nan da dare kamar birni yake, fitilu ta ko'ina, har ruwan da ke kewaye da shi kan yi kore, kifaye su taru. Ya ce ana iya zura zare a allura. In tsoro ya taso mini sai in ce, ko ma mene ne, wurin da haske.

Asabar, 5 ga Disamba, da yamma

Gobe ranar Waliyyi Nikolae, yara sun goge takalma sun jera a bakin ƙofa. Mu da ba mu da yara, junanmu muke yi wa. Shi yakan ajiye takalman aikinsa kamar kwale-kwale biyu, ya ce a cika su in an isa. Nakan sa masa lemo a ɗaya, bulala a ɗaya.

Na goge takalmansa na zuwa gari na ajiye. Mama ta wuce su sau biyu.

Lahadi, da asuba

Na tarar da busasshiyar tuffa a cikin na dama, irin ta ƙauyensu. Ba ni na sa ba.

Litinin, 7 ga Disamba, da yamma

Nea Ilarie ya sake zuwa, fuskarsa har yanzu da baƙi a gefen kunne. Ya ajiye wata 'yar kwalbar magani a kan tebur, cike da abu baƙi mai kauri. Ya ce al'adarsu ce, man farko kowa kan ɗebi nasa ya kai gida, wannan rabon Zamfir ne, yaran wurin aikin ne suka cika masa kafin kowa ya cika tasa. Na buɗe na sansana. Warin rigarsa ne sak.

Ya ce gwaji ya kusa ƙarewa. Za su toshe bakin rijiyar, a ja dandamali zuwa arewa a haƙa wata don a san iyakar man. Nan kuwa sai bayan shekara biyu ko uku, in an ƙera dandamalin ɗibar mai, za a dawo.

Na ce, "Me za ku bari a wurin?"

Ya ce wata ganga mai iyo, ja, don jirage su san wurin.

"Da fitila a kanta?"

Ya dubi Mama, ya dubi kwalbar. Ya ce, "Babu, ƙanwata. Ganga ce kawai."

Na ce ya sha barasarsa. Wannan karon ya sha.

Talata, da magariba

Na hau tudu. Hasken yana nan, ya rage.

Laraba, da magariba

Babu. Na tsaya har ƙafafuna suka daina jin sanyi. Ba a gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara.

Alhamis, 10 ga Disamba, da rana

Ban je aiki ba. Ban tuƙa tuwo ba.

Mama ta ce ranar Lahadi arba'in ke cika, in an ƙirga daga Larabar guguwa. Ta ce ba za ta ƙara roƙona ba, ta tsufa da roƙo. Za ta yi da ka, Allah ya ga zuciyarta, ranar Litinin kuma ta koma gida ta bar mini ɗakina da labulena. Ta faɗi haka ba faɗa, tana tsince alkamar da za a dafa ta sadaka. Da faɗa ta yi da na san abin da zan ce.

Juma'a, 11 ga Disamba, da yamma

Da safe na fito na ga ta narka kaki a ƙaramar tukunya, gidan duk ƙamshin zuma. Ta miƙe zaren a ƙasa daga ƙafar tebur zuwa wajen murhu, ta danne bakinsa da gishiri da cokali, tana riƙe da almakashi. Na kalli zaren nan. Wani mutum ne dai, matsakaici, irin masu sayar da tikiti a tasha.

Na ce, "Wannan wa kuke aunawa?"

Ta ce ɗanta.

"Wannan ko kafaɗarsa bai kai ba. A nan za ku bar shi, a tsakiyar hanya?"

Ta ajiye almakashin. Na ɗauki ƙwaryar zaren na nufi ƙofa, na jawo kujerar da nake hawa in share yanar gizo. Na ce ta riƙe bakin zaren a dokin ƙofa. Ta durƙusa, da ƙyar, da gwiwoyin nan nata, ta danne shi da babban yatsa. Na hau na ja zaren sama har katakon, daidai inda fenti ya koɗe. Nan goshinsa ke sauka. Na ɗora yatsu huɗu a kai, daga goshi zuwa tsakiyar ka, inda gashi ya fara yi masa ƙaranci yana musu. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Sau nawa na dafa wurin nan da tsumma mai sanyi ina ce masa raƙumi ma ya san ƙofar gidansu.

Sannan na ƙara yatsu biyu.

Daga ƙasa Mama ta ce, "Kin wuce, 'yata. Na ga inda kika tsaya. Ba a ƙara wa mutum abin da Allah bai ba shi ba."

Na ce, "Da takalman aiki ya tafi, Mama."

Ta dubi zaren. Can ta ce, "To ƙara."

Ba mu da abin yin alama kusa, sai 'yar kwalbar Nea Ilarie a kan taga. Na tsoma yatsa na ɗiga a zaren, ta miƙo almakashi na yanke. Da na sauko na zauna a dokin ƙofa kusa da ita. A nan muka yi abin da tun zuwanta kowa ke shiga ɗaki ya yi shi kaɗai. Veta ta leƙo ta katanga, ta koma ba ta ce komai ba, karo na farko a rayuwarta.

Da rana muka shafe zaren. Ita ke tsomawa, ni ke murzawa a tafin hannu. Ta ce hannuna ya iya, ba laifi. Da aka naɗe shi bai fi faifan rufe ƙwarya ba. Duk tsawon nan.

Asabar, da safe

Na cire makullin daga wuyana. Kwat ɗin za a ba direban bas, shi kaɗai ba za ta share ƙasa a jikinsa ba. Rigar sanyin na riƙe.

Na ce wa Mama jirgin Litinin yana cika da sojoji, ta bari sai bayan Kirsimeti. Ta ce za ta duba. Ta sauke labulen ta jiƙa.

Lahadi, 13 ga Disamba, da magariba

An yi addu'a, an raba alkama. Nea Ilarie ya zo da mutum biyar daga cikinsu, sun tsaya a baya da huluna a hannu. A haraba na bar akwatin dama, na nufi na hagu. Ban san ƙafa na iya yin nauyi haka a tafiyar da ba ta fi tsawon tabarma ba.

Kyandir ɗinsa kuwa ba mu bar shi a coci ba. Da rana ta faɗi muka hau tudu mu biyu, da shi a cikin tukunyar ƙasa saboda iska. Gabas baƙi ƙirin. Mama ta miƙo mini ashana, ta ce matarsa ce ke kunnawa. Ta farko ta mutu, ta biyu ta kama.

Wutar ba ta fi ƙwayar wake ba. Na ce anya zai gan ta daga can? Ta ce ba gani zai yi ba, riƙewa zai yi.

Muna nan zaune. Ina rubutu da haskenta, Mama ta kāre ta da mayafinta. Ta cinye kai da wuya, yanzu tana wajen kafaɗa, kuma da sauran tafiya.

Allah ya jiƙanka, Zamfir. Ka sunkuya in ka zo shiga.